Babi na Uku: Mako Ɗaya a Saman Jadawali

A mujallar Billboard ta ranar 11 ga Disamba, 1961, waƙar da ke saman jadawalin waƙoƙi ɗari mafi kasuwa a Amurka ita ce "Please Mr. Postman", ta wasu 'yan mata biyar da ake kira Marvelettes. Mako guda tak ta yi a wurin. Kafin ita, Jimmy Dean ya yi mako biyar a kan kujerar da waƙarsa "Big Bad John", bayan ita kuma wasu samari fararen fata daga Brooklyn suka ture ta. Mai duba jerin waƙoƙin shekarar da gaggawa zai iya tsallake ta bai lura ba. Amma a wannan makon ne faifan kamfanin Motown ya fara hawa lamba ɗaya a wannan jadawali, kuma waɗanda suka kai shi can yara ne da yawancinsu ba su gama sakandare ba.

Sai mutum ya san yadda kasuwar waƙa take a Amurka a lokacin kafin ya gane nauyin abin. Jadawali biyu ne ke da muhimmanci ga mawaƙi Baƙar fata. Ɗaya nasu ne: Billboard ta fara shi a 1942, daga 1945 ta riƙa kiransa jadawalin waƙoƙin launin fata, a 1949 aka sauya masa suna zuwa R&B, sai a 1969 ya ɗauki sunan salon sol. Ɗayan kuma shi ne Hot 100, wanda aka fara a watan Agustan 1958, aka ce na kowa ne, amma a aikace kunnen matasan fararen fata da aljihunsu ne ke tafiyar da shi. A lokacin ana haɗa shi ne daga rahoton cinikin shagunan faifai da kuma jerin waƙoƙin da gidajen rediyo ke sakawa. To shagon da bai ajiye faifanka ba, ba zai kawo rahoton cinikinsa ba, gidan rediyon da bai saka waƙarka ba kuwa ba zai ƙirga ta ba. Shekaru da dama abin da aka saba shi ne, idan waƙar Baƙar fata ta yi farin jini, sai babban kamfani ya samo mawaƙi farar fata ya sake rera ta a sanyaye, ya kwashe kasuwar. A 1955 Fats Domino ya fitar da "Ain't That a Shame", Pat Boone ya maimaita ta, ta Boone ce ta hau lamba ɗaya.

Berry Gordy ya san wannan ciki da bai. Ya taɓa damben zamani, ya yi aikin soja a Koriya, ya buɗe shagon faifai ya karye, ya yi aiki a layin harhaɗa motoci na kamfanin Ford, sannan ya rubuta wa Jackie Wilson waƙoƙin da suka yi kasuwa. Abin da ya koya a wannan aikin na ƙarshe shi ne, marubucin waƙa ba shi ne mai cin riba ba. Akwai labarin da shi da mawaƙi Smokey Robinson suka sha bayarwa, na cekin dala 3.19 da aka aiko masa a matsayin kasonsa na wani faifai da ya shirya, Smokey ya ce masa in dai wannan ne abin da za a riƙa ba shi, gara ya buɗe nasa kamfanin. A watan Janairun 1959 ya ranci dala 800 daga asusun taimakon juna na danginsa ya kafa Tamla, wanda daga baya ya zama Motown. Ya sayi gida mai lamba 2648 a titin West Grand Boulevard a Detroit, shi da iyalinsa a saman bene, ofis a ƙasa, garejin baya kuma ya zama situdiyo. A farkon 1961 waƙar "Shop Around" ta ƙungiyar Miracles ta sayar da kwafi miliyan, ta kai lamba biyu, ta tsaya nan. Faifan Lawrence Welk, wani dattijo mai kiɗan iyaye da kakanni a talabijin, shi ya tare mata hanya.

Taimako ya zo daga inda Gordy bai zata ba. Inkster ƙaramin gari ne a yamma da Detroit. Baƙaƙen fata da suka baro jihohin Kudu don aiki a babbar masana'antar Ford ta River Rouge sun tarar ba a yarda su zauna a Dearborn, garin da masana'antar take ba, sai suka matsa gaba kaɗan suka kafa gidajensu a Inkster tun shekarun 1920. A nan Malcolm X ya zauna a gidan wansa Wilfred bayan fitowarsa daga kurkuku a 1952. A nan kuma wani likitan haƙori, Dakta Haley Bell, ya kafa gidan rediyon WCHB a 1956, na Baƙaƙen fata, da kuɗinsu. Duk da haka 'yan birnin Detroit kallon ƙauyawa suke wa mutanen Inkster, kuma wannan kallon bai bar 'yan matan nan ba har ƙarshen zamansu a kamfanin.

Gladys Horton ce ta haɗa ƙungiyar daga cikin 'yan ƙungiyar waƙa ta makarantar sakandaren Inkster. Yarinya ce da ta tashi a hannun riƙo, daga wannan gida zuwa wancan. Ta jawo Katherine Anderson da Georgeanna Tillman da Juanita Cowart, sai Georgia Dobbins wadda ta girme su da 'yan shekaru. A 1961 suka shiga gasar nuna basira ta makarantar, inda aka yi alkawarin waɗanda suka zo na ɗaya zuwa na uku za a kai su gwajin murya a Motown. Suka zo na huɗu. Wata malamarsu, Shirley Sharpley, ta tsaya kai da fata sai an tafi da su. Ina son a riƙe sunan wannan malama, domin ba don ita ba da babu wannan babin.

A gidan Motown, masu shirya waƙa Brian Holland da Robert Bateman suka saurare su. Muryoyin sun yi musu, amma waƙoƙin wasu suka rera, don haka aka ce su koma su zo da tasu. Dobbins ta je wurin wani maƙwabcinta mai kaɗa fiyano, William Garrett, wanda ke da wata waƙar buluz da bai ƙarasa ba a kan mai raba wasiƙu. Ta karɓa da sharaɗin za a sa sunansa, ta kwana a kanta, ta bar kan waƙar kawai, ta sauya kalmomi da kari. Buluz waƙar manya ce, ta wanda duniya ta riga ta gasa wa aya a hannu. Dobbins ta mai da ita ta budurwa da ke tsaye a ƙofar gida tana jiran wasiƙar saurayinta da ya yi nisa, mai raba wasiƙu yana wucewa kullum ba ya tsayawa, har ta kai ga tare shi tana roƙo ya sake duba jakarsa. Duk ƙarfin waƙar yana cikin wannan dabarar. Ba da saurayin take magana ba, ba ta ma zarge shi da komai ba. Wanda take kama wa riga bawan Allah ne da ba ruwansa, yana kan aikinsa.

Dobbins ba ta rera ta a faifai ba. Mahaifiyarta ba ta da lafiya, ita ce mai kula da gida, mahaifinta kuma bai yarda 'yarsa ta shiga yawon gidajen rawa ba, ya ƙi sa hannu a kwantiragin. Ta koya wa Horton yadda ake jan waƙar, ta koma gida. Wanda Young, wadda ta gama makarantar ba da daɗewa ba, ta maye gurbinta. Gordy ya raɗa musu suna Marvelettes. Holland da Bateman suka gyara waƙar ta dace da muryar Horton, Freddie Gorman kuma ya sa hannu a kalmomin, shi da a lokacin aikin raba wasiƙu yake yi da gaske a Detroit, ya tashi aiki ya biyo ta situdiyo.

Ɗakin da aka ɗauki waƙar yana nan har yau, an mai da gidan wurin tarihi. Matakala 'yan kaɗan ake sauka a shiga, ɗaki ne da bai fi falon talaka mai rufin asiri ba, wayoyin makirufo na reto daga sili, shi ya sa makaɗan suka riƙa ce masa ramin macizai. A ɗakin injiniya katakon ƙasa ya cinye a daidai inda masu shirya waƙa ke buga ƙafa suna bin kiɗa. A nan aka cusa 'yan mata biyar da makaɗa, kowa na jin numfashin kowa. James Jamerson na kan bas, abin kiɗan nan mai tsirkiya huɗu. Popcorn Wylie na kan fiyano. Mai ganguna wani saurayi ne ɗan shekara 22 da bai yi suna ba tukuna, Marvin Gaye.

Faifan minti biyu da rabi ne. Yana buɗewa da bugu ɗaya da ihu, irin na mai tsai da wanda ya riga ya juya baya, sai 'yan amshi su shigo da tafi. Daga nan tsarin bayarwa da amshi ne, wanda kowane yaro Baƙar fata a Amurka ya taso yana ji a coci ranar Lahadi. Kiɗan ba wani sabon abu ba ne, zagaye huɗu ne da ɗaruruwan waƙoƙin lokacin suka hau. Muryar Horton ce sabuwa. Shekarunta 16, amma muryar a dishe take, tana da kaushi, tana tsagewa idan ta hau sama, kuma ba a gyara tsagewar ba. 'Yan amshin ma ba su daidaita sumul ba, kana jin mutum huɗu ne daban-daban, ba murya ɗaya da aka ninka ba. Masu nazarin Motown sukan ɗauki wannan a matsayin alamar kamfanin bai goge ba tukuna. Ni a wurina shi ne abin da ya sayar da faifan. Yarinyar da ke jin waƙar a ƙaramar rediyon batir a ɗakinta, a Ohayo take ko a Jojiya, fara ce ko baƙa, ta ji sa'arta ce ke magana, ba wata tauraruwa ba. Kuma shekarar 1961 shekara ce ta jiran wasiƙa. Ana ɗaukar samari aikin soja na dole, a watan Agusta aka fara gina katangar Balin, gwamnatin Kennedy ta kira dubban sojojin ko-ta-kwana. Waƙar ba ta ambaci soja ba ko sau ɗaya, ta bar gurbin a buɗe, kowa ya sa nasa.

Ranar 21 ga Agusta, 1961 aka fitar da ita a ƙarƙashin tambarin Tamla, ƙaramin faifai mai juyi 45 a minti, kuɗinsa kusan dala ɗaya, a bayansa akwai "So Long Baby" wadda Wanda Young ta ja. A farkon Satumba ta leƙa gindin jadawalin Hot 100, sannan ta kama hawa a hankali, sama da wata uku kafin ta kai ƙololuwa. Wannan jinkirin shi kansa labari ne. Faifan babban kamfani kamar RCA ko Columbia yakan fito a duk faɗin ƙasar rana ɗaya. Na ƙaramin kamfani kuwa gari-gari yake bi: ya kama a Detroit, sai Filadelfiya, sai Shikago, kowane gari sai an shawo kan mai gabatar da waƙoƙi a rediyo da dilan da ke raba wa shaguna. Kuma lokacin kowa a tsorace yake, domin a 1959 da 1960 Majalisar Dokokin Amurka ta binciki na goro da kamfanoni ke ba masu gabatar da waƙoƙi, binciken da ya kawo ƙarshen tashen Alan Freed, mutumin da ya fi kowa saka waƙoƙin Baƙaƙe ga matasan fararen fata. Gidajen rediyon Baƙaƙe ne suka fara ɗaukar waƙar, ta hau lamba ɗaya a jadawalin R&B a watan Nuwamba ta yi mako bakwai a can. Sai da ta cika wannan gidan ta tumbatsa sannan ta malala zuwa ɗayan.

Akwai wani haɗari da ba a cika faɗa ba: waƙa mai kasuwa tana iya kashe ƙaramin kamfani. Masana'antar buga faifai kuɗi hannu take so. Diloli kuwa bashi suke ɗauka, su biya bayan wata biyu ko uku, in sun ga dama, kuma ba sa ganin dama sai in kana da sabon faifai mai zafi da suke buƙata. Kamfanoni da yawa sun sayar da dubban ɗaruruwa suka rufe. Gordy ya ɗauko Barney Ales, Ba'amurke ɗan asalin Italiya da ya san diloli ya san harshensu, ya damƙa masa sashen ciniki da karɓo bashi. "Shop Around" a farkon shekara, "Please Mr. Postman" a ƙarshenta, su biyun suka nuna wa diloli cewa wannan gidan ba na waƙa ɗaya ba ne, wanda ya riƙe musu kuɗi ba zai ga kaya na gaba ba. Nan ne ainihin amfanin wancan mako guda ga Motown.

Ba Marvelettes ne 'yan mata Baƙaƙe na farko da suka hau lamba ɗaya ba. Shirelles, 'yan Passaic a jihar New Jersey, sun riga su a watan Janairun shekarar da "Will You Love Me Tomorrow". Bambancin shi ne, waƙar Shirelles Carole King da Gerry Goffin ne suka rubuta ta a ofisoshin mawallafa na Niyok, kamfanin ma na Florence Greenberg ne, farar fata. Ta Marvelettes kuwa daga rubutu zuwa kiɗa zuwa mai kamfani duk a hannun Baƙaƙe take. Amma da aka zo fitar da babban faifai mai ɗauke da sunan waƙar, ba a sa hotonsu a bango ba. Zanen akwatin wasiƙa aka sa, da saƙar gizo-gizo a jikinsa. Lissafin a fili yake: mai shago a Kudu ba zai jera fuskokin Baƙaƙen yara biyar a tagarsa ba, uwa farar fata ba za ta so ganin su a ɗakin 'yarta ba. An yarda muryarsu ta shiga gidaje, fuskarsu ta tsaya a waje. Ban ga laifin Gordy a kan karanta kasuwarsa daidai ba, amma duk lokacin da na ga wannan bangon raina yakan sosu.

Samarin Brooklyn da suka sauke su ranar 18 ga Disamba su ne Tokens, da waƙar "The Lion Sleeps Tonight". Asalin wannan waƙar "Mbube" ce, wadda Solomon Linda, Bazulu, ya ɗauka a Johannesburg a 1939, aka biya shi abin da bai taka kara ya karya ba. Ya rasu a 1962 cikin talauci, iyalinsa ba su samu sulhu a kan haƙƙinsa ba sai a 2006. Wato a mako biyu a jere, waƙar da ke saman jadawalin Amurka ta fito ne daga kan wani da ke zaune can gefe, ba ya cikin hoto.

Nasarar ta fitar da yaran daga aji. Kamfani na buƙatar su a hanya, sai makaranta ta tsaya. A ƙarshen Oktoban 1962 aka loda su a bas tare da Miracles da Mary Wells da Marvin Gaye da sauransu, yawon wasa na farko na mawaƙan Motown, wanda ya fara daga Washinton ya ratsa jihohin Kudu ya ƙare a dandalin Apollo na Harlem a Disamba. Kusan kullum gari daban, barci a kujerar mota. Shekara ɗaya da rabi kacal kafin nan aka ƙona bas ɗin masu fafutukar 'yanci a Anniston ta jihar Alabama, kuma duk bas mai cike da Baƙaƙen matasa daga Arewa abin zargi ce. A Birmingham an harbi motarsu. A wasu zaurukan igiya aka ja a tsakiya, farare gefe guda, Baƙaƙe gefe guda, suna rawa da waƙa ɗaya. Gidajen abinci da bayan gida na gidajen mai sun sha hana su shiga. Waɗannan yara su ne suka riƙe lamba ɗaya a ƙasar wata goma sha ɗaya kafin nan.

Kuɗin fa? Tsarin Motown, kamar na yawancin kamfanonin lokacin, shi ne mawaƙi yana da ɗan ƙaramin kaso daga cinikin faifai, kuma daga cikin kason ake cire kuɗin situdiyo, har na waƙoƙin da aka ɗauka ba a fitar ba, da kuɗin tufafi da na tafiya. Sauran a raba biyar. Kamfanin da ke kula da harkokin mawaƙan na gidan ne, yayar Gordy, Esther Edwards, ke riƙe da shi. Kamfanin da ke riƙe da haƙƙin mallakar waƙoƙin, Jobete, shi ma na Gordy ne. Wanda ke sayen aikinka, da wanda ya kamata ya yi maka ciniki da shi, da mai ajiye maka kuɗi, duk gida ɗaya ne, kai kuma shekarunka 16. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutumin da ya ji zafin cekin dala 3.19 ya fahimci inda kuɗin ke kwana, ya je ya zauna a wurin. Ba na rage masa komai daga abin da ya gina, domin babu Baƙar fatan da ya taɓa gina irinsa a wannan sana'a kafin shi. Amma a 1988 ya sayar da Motown a kan dala miliyan 61, a 1997 kuma ya sayar da rabin Jobete a kan dala miliyan 132, kuma babu ɗaya daga cikin 'yan matan Inkster da ta yi arziki.

Ba su tsaya a waƙa ɗaya ba. "Playboy" ta kai lamba bakwai a 1962, "Beechwood 4-5789" ta biyo baya a shekarar, "Too Many Fish in the Sea" a 1964, sai "Don't Mess with Bill" da Smokey Robinson ya rubuta wa muryar Wanda Young, wadda ita ma ta kai lamba bakwai a 1966. Amma hankalin gidan ya riga ya koma wani wuri. Tun Janairun 1961, kafin zuwan Marvelettes, akwai wasu 'yan matan Detroit da aka ɗauka, waɗanda suka yi shekara uku suna fitar da faifai ba ya zuwa ko'ina har ana musu ba'a a cikin gidan. A watan Agustan 1964 waɗannan 'yan matan, Supremes, suka hau lamba ɗaya da "Where Did Our Love Go", suka jera biyar a jere, suka tara goma sha biyu kafin ƙarshen 1969. Su aka kai shirin talabijin na Ed Sullivan, su aka kai gidan rawa na Copacabana a Niyok. Kamfanin ya ɗauki Maxine Powell ta koya wa mawaƙa tafiya da zama da magana, da Cholly Atkins ya tsara musu rawa. Muryar da Gordy ke so ta wakilci gidan siririya ce mai santsi, irin ta Diana Ross ta Supremes. Murya mai kaushi ta buɗe ƙofar, mai santsi aka tura ta shiga.

Ƙungiyar ta riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Juanita Cowart ba ta cika shekara biyu ba, matsin hanya da na idon jama'a ya fi ƙarfinta. Georgeanna Tillman ta bari a 1965 saboda ciwon sikila, wanda ba baƙo ba ne a gidajenmu, ga kuma wata cutar garkuwar jiki a kai, ta rasu a 1980 tana da shekara talatin da 'yan kai. Duk wanda ya yi jinyar mai sikila ya san abin da sanyi da gajiya da rashin barci ke jawowa, sai ya auna shekara huɗu a kujerar bas. Horton ta tafi a 1967, ta koma rainon ɗanta da aka haifa da lalura. Lokacin da Motown ta tattara ta koma Los Angeles a 1972, babu sauran Marvelettes. Har sunan ma ya fita daga hannunsu. Wani mai shirya wasanni ya mallake shi, ya riƙa tura wasu mata daban, waɗansu ba a ma haife su ba a 1961, suna hawa dandali da sunan Marvelettes, yayin da Gladys Horton ke fama kafin ta yi amfani da sunan ƙungiyar da ita ta kafa. Irin wannan ne ya sa tsofaffin mawaƙa, ciki har da Mary Wilson ta Supremes, suka bi majalisun jihohi har aka kafa dokokin hana wasa da sunan ƙungiyar da ba ka da alaƙa da ita. Horton ta rasu a Kalifoniya a watan Janairun 2011, shekarar da aka sa waƙar cikin taskar girmamawa ta Grammy. Sau biyu aka gabatar da sunan ƙungiyar don shiga zauren Rock and Roll Hall of Fame, na 2013 da na 2015, ba a zaɓe su ba.

Ita kuwa waƙar ba ta daina kawo kuɗi ba. Beatles sun riƙa rera ta tun suna wasa a Liverpool, suka sa ta a babban faifansu na Nuwamban 1963, John Lennon na ja. Martin Scorsese ya ɗora ta a kan wani faɗa a fim ɗinsa "Mean Streets" na 1973. A watan Janairun 1975 Carpenters, wa da ƙanwa fararen fata, suka sake kai ta lamba ɗaya, ta shiga cikin 'yan tsirarun waƙoƙin da suka hau wannan matsayi a bakin mawaƙa biyu daban. Kowane maimaici kuɗi ne ga marubuta da mai riƙe da haƙƙin mallaka, ba ga waɗanda suka fara rerawa ba. Shi ya sa sunayen da ake bugawa da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin sunan waƙa suka fi hoton bango daraja. A faifan Tamla na 1961 sunan Dobbins ne a gaba, sai na Garrett, sai na Holland da Bateman a haɗe. A bangon faifan Beatles na farko sunan Holland kaɗai aka sa. Daga baya aka riƙa jera mutum biyar har da Gorman. Ba na musun aikin mazan nan uku, sun gyara, sun ƙara, sun san abin da rediyo ke so. Amma yarinyar da ke tsaye a ƙofa, da mai raba wasiƙun da aka tare, da karin da ya ɗauki duk wannan, daga daren da Dobbins ta kwana tana aiki suka fito.

A 2017 ƙungiyar Portugal. The Man ta fitar da "Feel It Still", wadda ta ari karin "Please Mr. Postman" a fili, ta kai lamba huɗu a Hot 100, ta ci kyautar Grammy. Sun yi abin da ya dace, sun sa marubutan tsohuwar waƙar cikin masu kaso. Sunayen da aka jera su ne Brian Holland da Robert Bateman da Freddie Gorman. Georgia Dobbins na da rai a lokacin, tana zaune a Mishigan, shekarunta 75. Ta rasu a watan Satumban 2020.